Dariyar bencin baya ta ci ni a Bayoloji

Ƙannena, a bencin ƙarshe na yi zaman sakandare, cikin abokai huɗu da muka mai da ɗaga hannu abin kunya. Duk wanda ya yi tambaya sai mun laƙaba masa suna.

Akwai wani yaro siriri da ya taɓa tambayar malam: me ya sa jinin da ke fita daga zuciya zuwa huhu ba shi da wadataccen oksijin? Muka tuntsire da dariya, daga ranar ya zama "Likita". Ashe tambayar nan ita ce mabuɗin darasin gaba ɗaya. Ɗaki huɗu ke ga zuciya, ɓangaren dama ya tura jini huhu ya ɗebo iska, na hagu ya watsa shi sauran jiki. Shi ya gane nan take. Ni kuwa haddace zanen na yi kamar aku, da aka juya tambayar a jarrabawa sai na yi zuru.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ranar darasin haihuwa. Aji ya cika da ƙus-ƙus, 'yan mata sun sunkuyar da kai, mu muna zunguren juna. Malam ya ce ƙwayar halittar jikin mutum tana da kuromosom 46, wato 'yan zaruruwan da ke ɗauke da halayen gado, amma ƙwan mace da maniyyi 23 kowanne. Tambaya ta zo mini har baki: ina sauran suka tafi? Na dubi abokaina, na haɗiye ta. Malam ma da ya ga ajin ya ƙi natsuwa, sai ya bi ta kan batun a gurguje. Mu muka cuci kowa, har da masu son su koya.

Don haka ku duba da wa kuke zama. In maƙwabcinka na zungurinka duk lokacin da ka buɗe baki, sauya benci, ba sai kun ɓata ba. In wani ya yi tambayar da ta ba ka dariya, saurari amsar tukuna.

A ɗakin gwaje-gwaje kuma kada ka bar mai bakin rukuninku ya kankane maikiroskop, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa a ido. Ni zanen wani na kwafa, ban leƙa ba. Tun 1665 Robert Hooke, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya leƙa nasa ya ga 'yan ɗakuna a ɓawon itace, wato ƙwayoyin halitta. In layi ya zo kanka, ɗiga aidin a kan fatar albasar, ka sa ido, ka juya abin daidaita gani a hankali har bangayen ƙwayoyin halittar su fito kamar jerin bulo.