Wata na bakwai a rumfar dukanci: jakar da ta bi hannu biyar

Assalamu alaikum 'yan'uwana masu koyon dukanci. Na kwana biyu ban ba ku labarin inda na kai ba, aiki ne ya yi yawa. Yau wata bakwai ke nan da na fara zama a rumfar maigidana a nan Maraɗi, kuma a makon da ya wuce na gama jakar mata ta farko da aka sayar ba tare da an warware ɗinkina an sake ba.

Bari in fara da abin kunya. Na jiƙa fata don in yi mata kalmasa, aka kira salla, na ajiye basilla a kanta na tafi masallaci. Da na dawo sai na tarar da baƙin tabo mai siffar basillar, kamar an zana shi da alƙalami. Na wanke, na goga, ko gezau. Maigida ya duba ya yi dariya, ya ce ai na yi kuloko, wato baƙin rini, ban sani ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa, muddin tana da danshi ta haɗu da ƙarfe, baƙi za ta yi, kuma da wannan dabarar ce dukawa ke samun baƙin rini tun kaka da kakanni. To ku kiyaye: ƙarfe da jiƙaƙƙiyar fata ba sa kwana wuri ɗaya. Rabin fatar nan layu aka yi da ita.

Ɗinkina ya daidaita. A da tazarar huji tana faɗi tana tsukewa kamar sawun ɗan maye, yanzu ina auna ta da ido ta zo kusan daidai. Inda har yanzu nake shan wuya shi ne kankare bayan fata a bakin da za a naɗe. Ko in bar kauri kalmasar ta yi tudu, ko in zurfafa aska ta ɓulla. Fata uku na huda a wata guda.

Amma abin da nake son mu tattauna yau shi ne rumfar kanta, don wasunku sun ce suna neman wurin koyo, suna tambaya wane iri ya fi.

Mu shida ne. Maigida Bakatsine ne, baduku ɗan baduku, a unguwar Bagalam ta nan Maraɗi aka haife shi. Akwai wata dattijuwa Buzuwa da ta taso a wajen Agadas, muna ce mata Inna. Akwai Bayarabe mai keken ɗinki, wanda ya yi shekaru yana aikin takalma a Kano kafin ya tsallako. Akwai wani saurayi Bazabarme da ya yi lakwal, shi ke riƙe da waya da littafin lissafi. Akwai yaro Bafulatani da ke zuwa majema ɗauko fata. Sai ni, Bagobiri daga Tibiri, autan koyo.

Gaskiya watannin farko na tsani wannan haɗin. In na tambayi yadda ake rufe bakin jaka, amsa uku nake samu. Maigida ya ce kalmasa da ɗinkin hannu. Bayarabe ya ce gam, shafi, sannan keke. Inna ba ta ma cewa komai, sai ta karɓe fatar ta yanka siririn zare daga jikinta ta nannaɗe bakin da shi. Na taɓa kai kuka wurin maigida, na ce: "Baba, ni wa zan bi?" Ya ce: "Yaro, bi wanda jakarsa ba ta dawo ba." A lokacin na ɗauka gatse ne.

Wanda ya fara canza mini tunani shi ne ƙaramin cikinmu, yaron nan Bafulatani. Kun san abin da Maraɗi ke taƙama da shi, jar akuya. Ita ce a Najeriya ake kira jar akuyar Sakkwato. Fatarta laushi gare ta, ga ƙarfi, ga ƙananan ramukan gashi a jere, shi ya sa tun zamanin ayari ake haura Sahara da ita, Turawa suna saye a hannun 'yan kasuwar Maroko suna ce mata fatar Maroko, suna yin bangon littafi da safar hannu. Duk wannan na sha ji. Abin da ban sani ba shi ne ba kowace jar fata ce ta ƙwarai ba. Yaron nan ya yi kiwo kafin ya zo gari, don haka ya san dabbar tun tana da rai. Sai ya ɗaga fata ya saita ta da rana, ya nuna mini ɗigo-ɗigo ya ce cizon kaska ne, nan ƙaya ce ta karce ta, nan kirci ne ya warke, nan kuma wuƙar mai fiɗa ce ta zurfafa daga ciki. Ya koya mini cewa gadon baya ya fi tauri, gefen ciki yana miƙewa, don haka kada in kuskura in yanki maratayin jaka daga gefen cikin. Maigida da kansa, da shekarunsa a sana'a, in za a sayi fata da yawa sai ya ce a jira yaron ya dawo.

Yanzu ga labarin jakar. Na zana ta a kwali, na yanka, na rina da karan dafi, ta fito ja jawur har ina jin kaina. Na kai wa maigida ya juya ta ya ce ɗinki ya yi. Da a rumfar da kowa namiji ne Bahaushe nake, da nan maganar ta ƙare, an rataye ta a ƙusa.

Inna ce ta ce in miƙo. Ta rataya a kafaɗa a kan mayafinta, ta yi taku biyar, jakar ta zame. Ta sake ratayawa ta sake zamewa. Ta ce: "Ɗana, wa ka ɗinka wa wannan? Mace mai hijabi da goyo a baya, da wane hannun za ta riƙa tare ta?" Maratayin ya yi gajere kuma ya yi santsi. Sannan ta tsoma gefen farin ƙyalle a ruwa ta goga a jikin jakar, ƙyallen ya fito ja. Ta ce ranar suna mace za ta sa fararen kaya, ta yi zufa, ta dawo gida da jan tabo a haƙarƙari, kuma daga ranar ita da ƙawayenta sun bar rumfarmu. Ni ko sau ɗaya ban taɓa rataya jakar mata na yi tafiya da ita ba. Maigida ma haka. Shekara da shekaru yana yin kube da gafaka da laya, abokan cinikinsa maza ne.

A wajen Buzaye, in ba ku sani ba, aikin fata na mata ne, matan maƙera. Mazan su ƙera azurfa da takobi, matan su yi jaka da matashi da adon raƙumi. Mu kuwa a Hausa dukanci mun fi saninsa a hannun maza. Wato abin da wasu maƙwabta ke gani baƙon abu, mace zaune a rumfar dukawa, a garinsu Inna shi ne daidai. Ita ta nuna mini yadda ake sake ɗauraye fata bayan rini da ruwan lemun tsami, a shanya a inuwa, a murza da ɗan man gyaɗa har ƙyalle ya daina ɗaukar launi. Ita ta kuma manna 'yar siririyar tsanwar fata a bakin murfin, irin wadda ake samun launinta daga garin tagulla. Tsada gare ta, shi ya sa ake sa ta kaɗan kamar gishiri, amma ita ce ido ke fara faɗawa a kai.

Bayarabe ya karɓa ya sa shafi da aljihun waya mai zif. Ni da na raina keke ina cewa ba dukanci ba ne, sai ga shi abin da zai ci mini yini ya gama kafin shayi ya tafasa, kuma layin a miƙe. Ya bar mini ɗinkin waje na hannu, ya ce shi mai saye ke biya. Bazabarme ya ɗauki hoto ya tura wa masu shaguna a Yamai ta WhatsApp, da Zabarmanci da Faransanci, harsunan da ni da maigida ba ma iya ciniki da su. Kwana biyu aka ce a aiko da ita a mota, a ƙara guda huɗu. Yamai ta fi kilomita 600 daga nan, ban taɓa taka ta ba, amma jakata ta je.

Maigida ya ba ni labarin da ya sa na gane ba don ado ya tara mu ba. Zif da gam da zaren roba yawanci daga Kano suke zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa. Da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019, sannan aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kayan nan sun yi wuya sun yi tsada, masu zuwa sari daga Katsina ma suka ragu. Ya ce a lokacin keken Bayarabe ya kusa yin tsatsa. Abin da ya riƙe rumfar shi ne Inna ta iya jakar da ba ta bukatar zif ko gam, irin alaben da murfinsa ke zamewa a kan igiya, da maɓallin da ake ƙullawa da fatar kanta, Bazabarme kuma ya nemo masu saye a yamma. Da iyaka ta buɗe, aka koma neman masu zif, keke ya dawo da kuka. Kowane lokaci da wanda ke ɗauke da rumfar.

Kada ku ce ina yabon abin ne kawai. Akwai wahala. Aiki yana jinkiri saboda gardama. Hausar Inna ba ta da yawa, wani lokaci sai da nuni. An taɓa yin kwana biyu Bayarabe da maigida ba sa magana a kan ko a sa gam a gafakar Alƙur'ani, a ƙarshe ba a sa ba. Abin da ke sauƙaƙa mana shi ne wasan taubasai. Ni Bagobiri, Bayarabe abokin wasana ne, Bazabarme ma haka, shi kuma Bazabarmen da Inna ba sa raga wa juna. Wannan al'adar ta Nijar har UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2014, amma mu a rumfa amfaninta shi ne gyara yana shiga ba tare da ɗaci ba. Bayarabe zai ɗaga aikina ya ce: "Bawana, wannan ɗinki ne ko tsagen fuskarka ka kwaikwaya?" Kowa ya yi dariya, ni kuma in warware in sake. Da wani ne ya faɗa mini haka, da mun yi rigima.

Na kuma lura da wani abu. Akwai rumfar da na sani, su ma sun tara ƙabilu, amma mai wurin shi kaɗai ke magana, sauran yanka da gogewa ne nasu. Kayansu iri ɗaya ne shekara da shekaru. A wurinmu kowace jaka sabuwa sai ta zaga hannu kafin a yanka ta biyu, kuma na ga maigida ya fasa abin da ya yi niyya saboda maganar yaron da bai kai jikansa ba. Ba ya jin daɗi kullum, fuskarsa tana nunawa, amma yana fasawa. In za ku zaɓi wurin koyo, ku zauna yini ɗaya ku ga wa ake saurara.

Mako mai zuwa zan fara guda huɗun nan na Yamai. Na tsawaita maratayi da taƙi ɗaya, na juya ɓangaren da ba shi da santsi ya kalli kafaɗa. Inna ta ce wannan karon ni zan yanka tsanwar da hannuna, kuma in na ɓata ta daga kuɗin shayina za a cire. Wanda ya san dabarar wasa aska don kankare bakin fata ba tare da ta ɓulla ba, don Allah ya taimaka mini kafin Litinin.