Laraba, tukunya biyu a kan wuta

Yau na tashi da ƙarfina. Ciwon kan jiya ya tafi, Sadiq ya shirya makaranta ba a yi rigimar safa ba, har na gama wankin da ya taru kafin rana ta yi zafi. Ƙanwata Nafisa ta kira da safe ta ce za ta biyo daga wurin aiki ta kwana. Goggo kuwa dama tana nan saboda ganin likitan ido. Gida ya cika, ni kuma ina son gida a cike.

Da yamma na ɗora tukunya biyu kamar yadda na saba in Nafisa za ta zo, don ba ta cin nama. Tushen miyar ɗaya ne, albasa da tumatir da barkono, sai in raba kafin in zuba kaza da romonta a babbar. Ƙaramar in sa mata wake da karas da ganye. Ludayi ma daban. Magi kuma sai na karanta bayan kwalin, don wani akwai kitsen kaza a ciki. Hannuna ya saba, ba na ma jin aiki ne.

Goggo ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin tana kallona. Can ta ce, “Ke 'yar nan, wannan miyar ta Nafisa ai lami ce. Ɗebi romon nan ki zuba mata, ba za ta gane ba. Yarinya duk ta bushe.”

Na ce, “Goggo, ki yi haƙuri, ba zan iya ba.”

“Guba na ce ki sa mata?”

“A'a. Amma in na miƙa mata kwano ba ta tambaya ta me ke ciki. Ta yarda da ni ne.”

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta ce abin da mutum bai gani ba ai ba zai dame shi ba. Ban ƙara magana ba, na rufe ƙaramar tukunyar na mayar da ita can gefe. Na san ƙauna ce ta sa ta faɗa. A wurin Goggo, ciyar da mutum nama shi ne nuna masa ana son sa, kuma duk wanda ya ƙi ci kamar ya mayar mata da hannunta ne. Nafisa ma ba ta bushe ba, haka jikinta yake tun muna yara. Amma maganar ta tsaya mini a rai tun daga lokacin.

Wurin cin abinci aka fara lafiya lau. Abban Amira ya ba mu labarin direban da ya kai su wani taro daban da wanda aka gayyace su, muka sha dariya. Sai Goggo ta dubi kwanon Nafisa ta ce, “Abin da Allah ya halatta, ke wace ce da za ki haramta?”

Nafisa ta ajiye cokali ta ce, “Ban haramta wa kowa ba, Goggo. Halal ne. Ni dai na bari.”

Abban Amira ya so ya kashe wutar, ya kawo hadisin damo: yadda aka kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, ya janye hannunsa, Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba ne, ransa bai karɓe shi ba. Khalid ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Ya ce, “Kun ga, kwano ɗaya, wani ya ci wani ya bari, ba wanda ya tashi da fushi.” Goggo kuwa ba a kayar da ita a nan. Ta tuna masa da mutanen da suka zo suna tambayar ibadar Annabi, ɗaya daga cikinsu ya ce shi ba zai ƙara cin nama ba, aka tsawatar musu. Nafisa ta ce waɗancan sun ɗauki barin naman a matsayin ibada ne da ƙarin kusanci ga Allah, ita kuwa ba ta taɓa cewa haka ba. Abban Amira ya rufe da cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi, a ci abinci kada ya huce.

Da a nan aka tsaya da ban rubuta komai yau ba. Amira ce ta ɗago kai, da cinyar kaza a hannunta, ta ce, “Anti Nafisa, to mu da muke ci miyagu ne?”

Kowa ya yi tsit. Nafisa ta ce, “A'a, Amira. Ban san wanda ya kai mamanki kirki ba, kuma ita ta dafa. Ci abincinki.” Amira ta ci gaba da ci, ta manta. Ni ce ban manta ba.

Muna wanke-wanke, ita tana ɗauraya ina gogewa, na ce, “Amsar da kika ba Amira, har zuciyarki?”

Ta ɗan jima tana juya kwano a cikin ruwa. Ta ce, “Cewa ku ba miyagu ba ne, har zuciyata, Yaya. Amma in kika tambaye ni ko daidai ne abin da ake yi wa dabbobin nan kafin su iso faranti, ba zan ce miki eh ba. Kuma ba zan ce miki sha'awar baki ce kawai ta raba mu ba, kamar yadda Yaya Abba ya ce. Shi don a zauna lafiya ya faɗa, na gode masa. Amma ba ƙyama ce ta hana ni ba. Har yau in na ji ƙamshin miyarki yawuna na tsinkewa.”

Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka naman ya fita daga ranta ne.

Sai ta yi mini bayani, ba da ɗaga murya ba. Ta ce kajin da ake yankawa a duniya duk shekara sun haura biliyan 70, kuma mafi yawansu na manyan gonaki ne, irin da aka gyara don ya yi saurin girma, cikin mako 6 ya isa yanka, har wasu ƙafafunsu kan kasa ɗaukar nauyin jikinsu. Ta ce a kamfanonin da ke ƙyanƙyasar kajin ƙwai, 'yan tsakin da suka fito zakaru ba su da amfani a wurinsu, ba sa ƙwai, ba sa yin nama da wuri, don haka ana kashe su a ranar da suka fito daga ƙwai. Jamus ta hana wannan daga farkon 2022, wurare da yawa kuma har yanzu ana yi. Ta kawo rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2013, wanda ya ce kiwon dabbobi ne ke fitar da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya ta hanyar ayyukan ɗan Adam. Amma ta ce ita ba lissafin iska ne ya fi taɓa ta ba. 'Yan tsakin nan ne.

Ni ma ban yi shiru ba, domin ina da abin cewa kuma na yarda da shi. Na ce mata akwai mutane masu yawa a duniya da ƙasarsu ba ta noma, sai ciyawa da ƙaya, kuma dabba ce kaɗai ke iya mayar da ciyawar nan madara da nama. Makiyayin da ya san kowace saniyarsa da suna, yake kwana a farke in ɗaya ba ta da lafiya, ba za a haɗa shi da kamfanin da ke cusa dubban kaji a rumfa ɗaya ba. Na ce uwar da ƙwai ɗaya ne abin gina jikin da za ta iya sama wa ɗanta, ba ta da zaɓin da ke kike da shi. Na tuna mata da ƙwayar bitamin B12 da take sha, wanda ba a samunsa yadda ya kamata a tsirrai, rashinsa kuma yana taɓa jini da jijiyoyi. Na ce jikin mutum kansa yana nuna cewa cin nama ba baƙon abu ba ne gare shi.

Ta ce duk ta yarda. Ta ce ba ta da bakin yi wa makiyayi wa'azi, ko matalauciya. Ta ce, “Amma ni da ke ba makiyaya ba ne, Yaya. Kazar da muke saya ba mu san inda ta kwana ba.” A nan ne muka haɗu a kan hadisin da ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yanka ku kyautata yankan, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Ni na ɗauke shi hujjar cewa yanka halal ne in an yi da tausayi. Ita ta ɗauke shi hujjar cewa tausayin bai kamata ya fara a bakin wuƙa ba, tun daga ranar ƙyanƙyasa ya kamata a fara. Hadisi ɗaya, kuma ban ga wadda ta karanta shi a karkace ba a cikinmu.

Sai na yi tambayar da ke cina. Na ce, “Kenan duk zaman da muke yi muna ci tare, kina kallon farantina kina ganin laifi?”

Ta ce, “Ke nake kallo, ba farantin ba. Wani lokaci yakan yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ban zo gidanki don in sa abinci ya fita ranki ba. In kin tambaye ni zan faɗa, kamar yanzu. In ba ki tambaya ba, miƙo mini gishiri kawai zan ce.”

Ta kuma ba ni labarin wata ƙawarta da ta taɓa gayyatarta, ta ci ta ƙoshi, sai bayan an kwashe kwanuka aka ce mata da romon nama aka dafa, ana dariya ana cewa ga shi ba ki mutu ba. Ta ce ba ta yi faɗa ba, suna gaisawa har yanzu, amma ko ruwa aka ba ta a gidan sai ta ji ba ta sake ba. Ina riƙe da tawul na kasa dubanta. Ban gaya mata maganar Goggo ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Yanzu kowa ya yi barci, ni ina nan. Ban sauya ra'ayi ba. Zan ci gaba da cin nama, zan ci gaba da dafa wa 'ya'yana, kuma ban yarda ina aikata zalunci ba. Abin da ya hana ni barci daban ne. Kullum ina ganin ni ce mai haƙuri da Nafisa: ni ke raba tukunya, ni ke karanta kwali, ni ke kare ta in an taso ta a gaba. Nata haƙurin ba ya ganuwa, shi ya sa ba wanda ke lissafa shi. Tana zaune kusa da abin da take ganin ba daidai ba ne, a hannun mutanen da ta fi so a duniya, tana ƙamshinsa, tana amsa tambaya ɗaya a kowane taro, tana shan zolayar masu kaɗa mata tsoka a gaban hanci, kuma da murmushi take tashi ta taya ni wanke tukunyar da aka dafa kazar.

Ana yawan cewa marasa cin nama sun cika wa'azi da ganin sun fi kowa tsarki. Akwai irinsu, na haɗu da su, kuma ba daɗin zama da su. Sai dai a teburina yau ba Nafisa ce ta fara ba. Kuma zaman lafiyar da Abban Amira ya nema, na a ce kowa da abin da yake so, bai ishe ni ba yanzu. Yana sa a yi shiru, amma yana mayar da abin da ta ɗauka da nauyi kamar zaɓin launin mayafi. Na fi son abin da muka yi a kicin, ko da ya yi zafi. Ta san ina ganin ta tsananta, na san tana ganin na sassauta, kuma gobe da safe tare za mu sha shayi.

Amira fa? Tambayar za ta dawo, na san halinta. Ba na so in ce mata antinta rigima ce kawai, ba na kuma so ta riƙa kallon abincinta da tsoro. Ban shirya amsa ba tukuna.

Sauran ranar: Sadiq ya dawo da littafin lissafi a jiƙe. Famfon banɗaki na ɗiga har yanzu. Ban samu na kira Hajiya ba.

Ranar Asabar yaran za su yini wurin Nafisa. Kafin ta kwanta ta leƙo ta ce in dafa musu abin da suka saba ci in haɗo su da shi, za ta ɗumama musu ta zuba, ita dai ba za ta yanka ɗanye ba. Na ce to. Ita ta kawo maganar, ban roƙa ba.

Gobe da sassafe zan raka Goggo wurin likita. A hanya zan sake tayar da maganar romon, a hankali, ba a gaban kowa ba. Dole ne, domin mako mai zuwa ina da tafiya, Nafisa za ta zo ta taya ta kwana da yara, kuma Goggo ce za ta ɗora tukunya.