Zumar da ta zama siminti

Har yau in na tuna amyoyin nan huɗu sai raina ya sosu. Shekarata ta biyu ke nan da fara kiwon ƙudan zuma a wani ƙauye a Bavariya, kudancin Jamus, bakin dajin da ke cike da itacen Larix, mai ganye kamar allura da ke zubewa da kaka.

A watan Yuli furanni sun ƙare, amma sikelin da ke ƙarƙashin amya sai hawa yake yi kullum. Na ce kakata ta yanke saƙa. Na ga jajayen tururuwa na sintiri a jikin itatuwan, na taɓa reshe na ji danƙo, na gane darɓa ce, don na santa tun a gonar dawa a gida. Sai dai ƙwaron da ke kawo ta a nan, Cinara laricis, ya fi namu girma, kuma a jikin ƙananan rassa yake cincirindo. Yana tsotsar ruwan itacen, sukarin ya yi masa yawa, ya fitar da shi ta baya. Tururuwa na tsaronsa kamar makiyayi da garke, su kori masu cinsa, su sha zaƙin. Ƙudan zuma ma zaƙin nan suke kwasowa zuwa amya. Da zafi mata ne zalla, suna haihuwa ba namiji, shi ya sa kafin ka ankara reshe ya cika.

Duk na san wannan. Amma na zauna jiran ƙudan su rufe saƙar da kaki, yadda aka koya mini. Kwana goma na yi ina jira!

Darɓar wannan itace tana ɗauke da wani sukari, melezitose, mai daskarewa tun yana cikin saƙa. Ranar da na sa a injin tacewa, juyawa kawai yake yi, ko cokali bai fito ba, saƙa biyu ma suka farfashe. Dattijon da ke maƙwabtaka da ni ya soka tsinken ashana a rami ɗaya, ya karye. Ya ce, "Yaro, ranar da ka ga tururuwar nan ya kamata ka buɗe amya."

Barin ta ma ba ya yiwuwa, don in ƙudan suka ci ta da hunturu zawo take sa su. Haka na yi ta jiƙa saƙa a ruwa ina mayar musu su sake sarrafawa, na kuma sayi sukari na ciyar da su. Bana tun Yuni nake zagaya itatuwan nan, tsinken ashana na aljihuna.