Daura: Rijiyar Kusugu da Lokacin da Ya Dace a Ziyarci Garin

Duk wanda ya yi karatun firamare a ƙasar Hausa ya san sunan Kusugu tun kafin ya san hanyar Daura, shi ya sa baƙo yakan ɗan yi turus ranar da ya fara ganinta. Rijiya ce madaidaiciya wadda aka kewaye da gini aka rufa mata ɗaki a tsakiyar gari, kuma har yau da ruwa a cikinta. Mai kula da wurin yakan zura guga ya jawo, baƙi su sha, wasu su wanke fuska, wasu kuma su cika gora su tafi da shi gida tsaraba. Nauyin wurin yana cikin labarin da ake bayarwa a bakinta.

Kamar yadda aka gada daga kaka da kakanni, wani maciji mai suna Sarki ne ya hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya iso da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa, Ayana, ya nemi ruwa bai samu ba. Ya tafi rijiyar da makamin da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sare kan macijin, kashegari kuma labari ya kai ga Magajiya Daurama. Aurensu ne ya haifar da Bawo, wanda 'ya'yansa suka mulki Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, sannan aka haɗa da Biram aka sami Hausa Bakwai. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan asalin wannan labari, amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya adana shaidar cewa mata, wato magajiyoyi, su ne suka riƙe sarautar wannan ƙasa tun tana Tsohon Birni, kafin Daurama ta dawo da fada inda garin yake yanzu.

Daga rijiyar zuwa fadar Sarki, wadda ake kira Kangiwa, tafiyar ƙafa ce. Ita ma sarautar ta sha gwagwarmaya. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Ishaku suka karɓi garin, sarakunan Haɓe suka koma Zango da Ɓaure, sai a farkon mulkin Turawa aka mayar da gidan kan gadonsa ta hannun Malam Musa. Wannan ne ya sa Daura ta kasance cikin masarautu ƙalilan na Arewa da tsohon gidan sarautarsu na Hausa yake mulki har yau, kuma Alhaji Umar Faruk Umar ne yake kan karaga tun 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar.

Shawarata ga mai niyyar zuwa ita ce ya daidaita tafiyarsa da lokacin biki, domin a ranakun da ba na biki ba yini ɗaya ya isa a kewaye garin. Kashegarin Sallah ake yin Hawan Magajiya, inda hakimai suke fitowa da dawakansu cikin ado, 'yan lifidi da 'yan bindiga suna gaba, algaita da tambari suna tashi, jama'a sun cika bakin hanya da kan katangu. Sallar Gani kuwa, wadda take zuwa a watan Rabi'ul Awwal, ita ce bikin da aka fi sanin Daura da shi, kuma tana tara 'yan uwa daga ƙauyukan masarautar da ma tsallaken iyaka, tun da Kwangwalam ba ta da nisa, kuma hanyar Damagaram ta nan ta bi.

Tun da aka binne tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa na Daura a watan Yulin 2025, garin ya ƙara samun dalilin karɓar baƙi. Burina shi ne a tanadi rubutaccen bayani da Hausa da Turanci da Faransanci a bakin rijiyar da ƙofar fada, a kuma horar da matasan gari su riƙa yi wa baƙi jagora har zuwa Tsohon Birni, inda da yawa daga cikin masu ziyara ba sa kaiwa.