Wasiƙa daga Hambug: wane gas ne jirgin yaƙi ke sha?

'Yan'uwana na Gombe, assalamu alaikum.

Tun da aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a 2022, ƙanena yake damuna a waya: tunda muna da gas, me zai hana sojojin ruwanmu su zuba wa jiragensu? Ai ya ji ana cewa wasu jiragen yaƙi injin gas gare su. Da na gaji, sai na ɗauki tambayar na kai wa wani dattijon maƙwabcina, farfesa ne a fannin injuna da ya yi ritaya.

Dariya ya fara yi, sannan ya jawo bayan ambulan ya zana mini. Ashe gas ɗin ba na tukunyar girki ba ne. Injin yana zuƙar iska, ya matse ta, a fesa mata mai dangin dizal, a kunna. Tiririn da ya fito shi ke juya fukafukan da ke murza farfela. Ɗan'uwan injin jirgin sama ne.

Ya ce ba sai mun je nesa ba. Aradu, jirgin yaƙin Najeriya da ya fara aiki a 1982, a nan Hambug kamfanin Blohm & Voss ya ƙera shi. An ƙera shi ne da irin wannan injin guda biyu na Rolls-Royce, da na dizal biyu. Dizal na tafiyar yau da gobe, sai za a bi sawun wani a guje ake tayar da manyan, domin shan mansu ba kama hannun yaro.

Gas na gaske kuwa, sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili kafin ya zama ruwa, tankinsa kuma ya cinye wuri. Jiragen kasuwa da yawa sun koma kansa. Amma jirgin yaƙi da ake harbinsa? Farfesa kai kawai ya girgiza.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zafi. Iska mai zafi tana rage wa injin ƙarfi. Jiragen Ingila samfurin Type 45 sun sha mutuwar inji a Tekun Fasha.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu na injiniya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi su tsoma baki. Farfesa ya san gishirin teku, amma bai taɓa share ƙurar hunturu daga kan tabarma ba. Idan ta sauka har gaɓar Legas, me take yi wa waɗannan fukafukai?

Naku,
wani ɗan Tudun Wada a Jamus