Ƙwayar lido da kyamarar gefen titi

Na shiga kwas ɗin kiyaye haɗurran hanya da ra'ayina a aljihu. A wurina kyamarar da ake kafawa a gefen titi don kama masu gudu tarkon kuɗi ce, gwamnati ta samu hanyar tatsar direbobi ba tare da jami'i ya sha rana ba. Haka nake faɗa a duk inda hirar ta taso, kuma ban taɓa rasa mai gyaɗa mini kai ba.

Lissafi ne ya fara karya mini gwiwa. Malaminmu, wani dattijo da ya shafe shekaru yana zuwa inda haɗari ya auku da tef ɗin awo a hannu, ya zana motoci biyu a allo. Ɗaya tana tafiya kilomita 50 a awa, ɗaya 60. Yaro ya faɗo titi a gabansu. Kafin ƙafar direba ta bar totur ta koma birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, mai 50 ya ci mita 14, mai 60 ya ci kusan 17. A busasshiyar kwalta, da birki mai kyau, mai 50 zai tsaya cak a wajen mita 28. Malam ya ajiye alli ya ce, "To a daidai wurin da na farko ya tsaya, na biyun da wane gudu yake?" Na ce goma mana, tunda goma ce tsakaninsu. Ya ce in fito allo in lissafa. Abin da ya fito kusan 40 ne. Na goge na sake, 40 ɗin dai. Wato yaron da motar farko ta tsaya a gabansa har ya dafa bonet, ta biyun za ta kwashe shi da gudun 40, alhali direbanta zai iya rantsuwa cewa ɗan ƙari kawai ya yi a maleji.

Daga nan ne na fahimci abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take nufi da cewa duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da wajen kashi 4. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara. Faransa ta fara kafa kyamarori masu yanke tara da kansu a 2003, bayan Shugaba Jacques Chirac ya ɗauki lamarin da zafi, kuma mace-macen hanya suka sauko daga sama da 7,000 a 2002 zuwa ƙasa da 4,000 a 2010. Abin dariya, wanda ya ƙirƙiro na'urar kama masu gudu da ake kira Gatso, Maurice Gatsonides ɗan ƙasar Holan, direban tsere ne, ya ci gasar Monte Carlo a 1953, kuma ya yi na'urar ne don ya auna gudunsa a kwana ya ga yadda zai ƙara.

Sai na juye gaba ɗaya, irin juyewar sabon tuba. Ko'ina na ga matsala, maganina kyamara. Malam ya bar ni ina ta zuba har mako biyu.

Ranar da zai gyara mini zama, ya shigo aji da leda cike da ƙwayar lido, wadda ake jefawa mai lamba ɗaya zuwa shida. Ya raba mana biyu-biyu, ya ce kowannenmu titi ne, abin da ya jefa shi ne yawan haɗarin da aka yi a kansa bara. Muka jefa. Duk wanda ya samu goma ko fiye ya ce ya miƙe, shi ne titi mai cin rai. Ina cikin waɗanda suka miƙe. Ya yagi takarda ya zana kyamara ya manna wa kowannenmu a ƙirji, ya ce mu sake jefawa. Kusan dukanmu muka sauko, ni da nake da goma sha ɗaya na dawo shida. Ya dube ni ya ce, "Ka ga aikin kyamararka. Rubuta rahoto a ƙara mata kasafi." Aji ya fashe da dariya, ni kuwa ina tsaye da takarda a ƙirji.

Abin da yake nuna mana shi ne, ana kafa kyamara ne a inda haɗari ya yi yawa kwanan nan, kuma shekarar da ta yi muni fiye da kima yawanci wadda ke bin ta takan yi sauƙi, ko an taɓa wurin ko ba a taɓa ba. Idan ba ka cire wannan saukowar daga lissafinka ba, ka ba kyamara ladan da ba nata ba. Binciken da aka yi da kula, aka kwatanta da titunan da ba a sa wa komai ba, ya nuna kyamara tana rage haɗari da gaske, sai dai ragin bai kai abin da rahoton farko ke shela ba. Tun ranar, duk wanda ya kawo mini jadawalin "kafin" da "bayan", tambayata ta farko ita ce shekara nawa ya ɗauka a "kafin" ɗin.

Darasin da ya fi zama mini a rai kuwa a wurin aiki na same shi, lokacin da aka zaunar da ni ina shigar da rahotannin haɗari a kwamfuta. Takarda bayan takarda, sai na lura da abubuwan da ke dawowa: direban da gyangyaɗi ya sace da asuba, wanda ya sha, wanda idonsa ke kan waya, sudaddiyar taya da ta fashe, fasinjan baya da bai ɗaura bel ba, babbar mota da aka bari a bakin hanya da dare ba fitila. Kyamarar gudu ba ta ganin ko ɗaya daga ciki. Ba ta jin warin barasa, ba ta leƙa fuskar direba ta ga jan ido. Wanda ke tafiya 48 a inda aka ce 50, yana tangaɗi daga wannan layi zuwa wancan, a wurinta mutumin kirki ne. Jami'in da ke sintiri ne zai tsayar da shi ya ce ya busa na'urar gwajin barasa. Matsalar ita ce aikin kyamara yana ƙirguwa, tara kaza a wata, yayin da aikin jami'in da ganinsa kawai ya sa direbobi suka natsu ba shi da layi a jadawali. Idan lokacin rage kasafi ya zo, abin da ba shi da lamba shi ake fara yankewa. Na zauna a taron da aka tafa wa ƙaruwar tara, a raina ina cewa kyamarar da tararta ke hawa kullum ai ta gaza ne, domin da tana aiki mutane za su rage gudu, kuɗin ya ragu. Ban faɗa ba, sabon ma'aikaci ne ni.

A nan ne tsohon ra'ayina yake da 'yar gaskiya. Idan jama'a suka ɗauka kuɗinsu ake nema, sun daina jin maganar rai. A 2018 Faransa ta rage ƙa'idar gudu a ƙananan hanyoyin karkara daga 90 zuwa 80, kuma a zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa da ta biyo baya an lalata fiye da rabin kyamarorin ƙasar. A Ingila ana shafa musu fenti ruwan ɗorawa don a hango su daga nesa, wanda yake nuna so ake ka rage gudu tun kafin a kama ka. Sweden kuma tun 1997 ta ɗauki wata hanya: ta yarda ɗan Adam zai yi kuskure, sai a gina titi yadda kuskuren ba zai kashe shi ba, da shataletale a mahaɗa da shinge a tsakiyar hanya.

Akwai kuma halin da na kama kaina da shi. Na hango kyamara, na taka birki, na wuce ta, ƙafata ta koma totur tun ba ta ɓace a madubi ba. Saboda irina ne aka fito da kyamarori biyu-biyu, ɗaya ta ɗauki lambarka a farkon hanya, ɗaya a ƙarshe, a raba nisa da lokaci. Ranar da na fara bi ta irin wannan hanya na ga motoci sun jeru da gudu ɗaya, ba mai kutse, ba mai birkin gaggawa. Na isa inda zan je a makare da minti biyu ko uku, kuma wanda ke jirana bai ma duba agogo ba.