Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kuɗin da Dadi ta ɓoye a cikin shinkafa

A makon jiya mun tsaya ne a inda muka tattara kayanmu daga masaukin da dillalin asibiti ya ajiye mu, ni da Baba da Yaya, muka kama ɗaki biyu a saman wani gida a unguwar Lajpat Nagar da ke kudancin Delhi. Masu cewa na ja musu rai a kan maganar dashen ƙodar Baba, ku ƙara haƙuri. Sai na shigar da ku gidan nan tukuna, domin a cikinsa na ga abubuwan da suka yi ta yi mini yawo a ka ranar da magana ta iso kaina.

Maigidan, wanda kowa a layin ke kira Uncle-ji, sharaɗi biyu ya gindaya kafin ya taɓa kuɗinmu: ba a dafa nama ko kifi ko ƙwai a gidansa, kuma sai ya kai bayananmu wajen 'yan sanda. Yaya ya buɗe baki zai yi ciniki a kan na farkon, Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Lafiya muka zo nema, ina ruwanka da tukunyar mutane?" Tun daga nan, duk ranar da kwaɗayi ya motsa wa Yaya sai ya tari mai adaidaita zuwa Bhogal wajen 'yan Afganistan, ko Nizamuddin, ya ci ya wanke baki ya dawo. Naman saniya kam a manta da shi, doka ta hana yanka ta a Delhi. Na ɓauna ake sayarwa.

Gidan hawa uku ne amma tukunya ɗaya. A ƙasa akwai Dadi, mahaifiyar maigidan, da shi da matarsa Aunty da autarsu. A tsakiya babban ɗansu, Bhaiya, da matarsa Bhabhi da yara biyu. Mu a sama, kusa da tankunan ruwa. Dadi tana yarinya ƙarama iyayenta suka gudo da ita daga Lahore a 1947, lokacin da aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan, kuma ita kanta unguwar don irin waɗannan 'yan gudun hijira aka yanka ta. Kusan shekara 70 da faruwar abin, amma har lokacin tsohuwar nan ba ta barin komai a buɗe. Tarin mukullai ne a ƙugunta, in ta taso tun daga tsakar gida za ka ji ƙararsu.

Indiyancin da na kwaso a finafinai bai tsinana mini komai ba, don duk na rantsuwar soyayya ne da ɗaukar fansa, ba ya sayen albasa. Bhabhi ce mai Turanci, ita ta zama bakina da kunnena.

In na tashi sallar asuba, na kan iske ta riga ni. Ruwan famfo da sa'a yake zuwa, saboda haka ita ce mai kunna injin da ke tura shi tanki, kuma ita ce mai tsayawa ta kashe kafin ya yi ambaliya. Daga nan sai madara. Akwai rumfar Mother Dairy a bakin layi, ka biya a ba ka wani ɗan ƙarfe kamar kwabo, ka jefa a rami, madara ta zubo a kwanonka. Sai shayin Dadi, sai na surukai, sai abincin da Bhaiya zai tafi da shi ofis a Gurgaon, sai na yara. Kafin ƙarfe bakwai layin gaba ɗaya ya ɗauki fito, kowane gida tukunyar matsi na huci. Ba sa dafa abinci da agogo, da fito suke ƙirgawa: wannan wake fito uku, wancan biyar. Tana iya tsayar da hira a tsakiya, ta karkata kunne, ta ce "na huɗu kenan," ta ruga.

Mai kayan miya ba a sauko masa. In ya turo amalankensa yana kira, sai ka ga kwanduna na saukowa da igiya daga benaye, a yi ciniki da ihu, a ja sama. Kuma ko tumatir nawa ka saya, sai ya ɗora maka ɗan ganyen dhaniya da ɗanyen barkono kyauta, in ya manta Aunty ta tuna masa da murya mai ƙarfi. Mai guga yana gindin bishiya da dutsen gawayi, shi da matarsa. Tsofaffin jaridu ma ba a zubarwa, akwai mai zuwa da sikeli a keke ya auna ya biya, kuɗin kuma na Dadi ne, ba mai tambaya. Abin da ya fi ba Baba dariya shi ne kaɗa kan nan nasu. Ya ce shi har ya bar ƙasar ba zai gane ko an yarda ko an ƙi ba.

Kullum kafin Bhaiya ya fita sai ya sunkuya ya taɓa ƙafar Dadi, sannan na iyayensa. Albashinsa kuwa, da kansa ya gaya wa Yaya, kaso mafi tsoka na shiga hidimar gidan ne: maganin sukarin Aunty, kuɗin wuta, da tarin auren autarsu. Uncle-ji kan zolaye shi, wai in ya yi wasa zai maka shi a gaban hukuma, don tun 2007 akwai dokar da ta ba tsofaffi damar ƙarar 'ya'yan da suka ƙi ciyar da su. Kowa a layin yabon Bhaiya yake yi, ɗa nagari. Ban musa ba. Amma ni da nake leƙowa daga sama na san wanda ke shafa wa Dadi mai a gwiwa da daddare, kuma ban taɓa jin wani ya yabe ta ba.

An yi Diwali, bikin fitilu na 'yan Hindu, ranar 30 ga Oktoban 2016. Bayan wasan wutar da aka kwana ana yi, ga hayaƙin karan shinkafa da manoman Punjab da Haryana ke ƙonawa, sai gari ya rufe ruf, har aka rufe makarantu. Baba ya yi ta tari. Muna cikin wannan, ranar 8 ga Nuwamba da misalin takwas na dare, na ji gidan ya yi tsit, sai muryar talabijin. Can sai Aunty ta saki ƙara. Na sauko da gudu na ɗauka Dadi ce ta faɗi. Ashe Firaminista Modi ne ya sanar cewa daga sha biyun daren nan takardun rupi 500 da 1,000 sun daina aiki. Su ne kusan kashi 86 cikin 100 na kuɗin da ke hannun jama'a.

Mu kuma bai fi 'yan kwanaki ba da Yaya ya canzo dala, duk irin waɗannan takardun aka ba shi, don kuɗin wankin ƙoda da na haya. Ga shi a gida dala ta haura naira 450 a kasuwar bayan fage, kowace ɗaya da gumi aka haɗa ta. Asibitocin gwamnati an ce su ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, namu kuwa mai zaman kansa ne. Yaya ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Baba ya ce, "Ku yi ta Hasbunallahu." Washegari Uncle-ji ya hau sama da kansa, ya ce mu biya shi hayar watannin gaba da tsofaffin, shi zai san yadda zai yi da banki. Mai kayan miya da mai kantin layi suka buɗe mana shafi a littafin bashi ba tare da mun roƙa ba. Ba zan manta musu ba.

Abin da ya faru a ƙasa shi ne labarin. Kwana biyu Dadi ba ta ce uffan ba, abinci ma sai ta taɓa ta ture. A na uku ta sa aka kira kowa, ta kwance mukulli, ta sa Bhabhi ta jawo wani garwan shinkafa daga ƙarƙashin gado. Ta zura hannu har gwiwar hannu ta zaro ƙunshi a leda. Ta sake zurawa. Sannan aka buɗe akwatin ƙarfe, tsakanin fararen kayanta na takaba ga wasu. Kuɗin jarida, canjin cefane, abin da 'ya'ya ke damƙa mata ranar biki, shekara da shekaru. Uncle-ji ya tsaya baki buɗe. Ta dube shi ta faɗi wata magana da ta sa Bhabhi toshe baki, daga baya ta fassara mini: "Da na nuna maka, da tuni sun zama yadi a shagonka." Na autar gidan ne, ta tara mata na gwal.

Ba a gama mamakin wannan ba, Aunty ta shiga ɗaki sum-sum ta fito da nata. Ita Bhabhi sai da dare ta hawo sama, ta zaro nata daga cikin jakar abin sallata, inda ashe ta cusa shi tun daren sanarwar ban sani ba. A layin banki kuwa, inda aka fara da canza rupi 4,000 kacal ga kowane mutum, hirar kenan: kowane gida an gano asusun mata. Maza na ta dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Kuɗin da mace ta ɓoye don ranar da ba ta son roƙo, an tilasta mata shimfiɗa shi a gaban kowa, kuma da ya shiga banki ya zama na gida.

Ga biki saura 'yan makonni. Gwamnati ta ce masu aurar da 'ya'ya za su iya cirar rupi 250,000, amma sai da katin gayyata da takardu iri-iri, Bhaiya ya yi ta safa da marwa. A takarda, tun 1961 aka haramta dukiyar da iyayen amarya ke bai wa dangin ango. A zahiri ba mai cewa ya nema, sai dai uwar ango ta ambata a cikin hira cewa ɗanta na shan wahalar shiga jirgin ƙasa zuwa aiki, mai hankali ya gane mota ake nufi. Ga ɗakin taro, ga abincin ɗaruruwan mutane, ga tufafi ga kowane ɗan'uwan ango. Ban yi saurin zargi ba, don na tuna yadda Umma ta sayar da filinta saboda kayan ɗaki da garar yayata.

A wannan daren da Bhabhi ta zo karɓar ƙunshinta ne muka zauna a kan rufin, cikin hazo, ta gaya mini na mene ne. Mahaifinta na Ludhiana, ɓarin jiki ya kama shi. Matar ƙanenta ce ke jinyarsa, kamar yadda ita take jinyar kakar wani. In za ta je sai ta nemi izini, ta kuma dafa abin da zai ishe su kafin ta dawo. Shi kuma tsohon, ɗan gargajiya ne, ko ruwa ba ya sha a gidan auren 'yarsa. Ta wannan kuɗin take aika masa na magani a ɓoye. Na ce, gado fa? Ta ce dokar 2005 ta ba ta kaso daidai da na ƙanenta, amma ta sa hannu ta bar masa. "In na karɓa, da wace fuska zan shiga gidan ranar Rakhi, bikin da mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a hannu?"

A ɓangaren ƙoda na asibitin ma abin da nake gani kenan. Dokarsu ta 1994 ta hana cinikin sassan jiki, saboda haka mai bayarwa galibi dangi ne na kusa, ga gwajin jini na tabbatar da dangantaka, ga takarda daga ofishin jakadancinmu, ga kwamitin da zai yi maka tambayoyi a gaban kyamara. Ina zama a layin masu jira ina kallon waɗanda ake kira: uwa za ta ba ɗa, mata za ta ba miji, 'yar'uwa za ta ba ɗan'uwa. Namiji mai bayarwa sai ka duba. Har alfahari nake yi da Yaya, ma'aikatan jinya na nuna shi da baki.

A ƙarshen watan aka kira mu karɓar sakamakon gwajinsa na ƙarshe. Likitan ya juya takardu, ya tambayi Yaya ko akwai masu ciwon sukari a dangin. Ya ce sukarinsa ya haura, hawan jini ma ya fara leƙowa, ba likitan da zai cire ƙodar mutum a wannan hali. Yaya ya ce a sake gwadawa. Aka sake, bai canza ba. Likitan ya dubi fayil, ya dube ni, ya ce ya ga rukunin jinina ɗaya da na Baba. Ya ƙara da cewa in mace ce mai bayarwa, ƙa'ida ta ce sai an tabbatar da yardarta daban, ba ta bakin majinyacin ba, don haka kada in ba shi amsa yanzu.

A mota ba wanda ya yi magana. Da muka hau sama Baba ya zauna yana haki, ya ce, "Mamana, ban yarda ba. Ke da aka kawo kuɗin gaisuwarki? Mu koma gida, abin da Allah ya rubuta shi ne." Yaya ya fita bakin tanki yana goge ido. Ni kuwa na sauka kicin. Bhabhi na murza fulawar chapati, ta saurare ni har na gama ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Didi, shi wanda zai aure ki, ya sani? Uwarsa fa?"

Ban kai ga amsawa ba wayata ta yi ƙara. Umma ce daga Kano, ashe Yaya ya riga ya kira ta. Abin da ta faɗa mini, da wanda na kira bayan ta ajiye, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.